Daminar da Aka Ƙunshe Gyaɗa da Littafina

Yau kwana shida rana ba ta leƙo Kafanchan ba. Marka ce irin wadda ke jiƙa gishiri a cikin kwalba, ashana ta ƙi kamawa, zanen da aka shanya ran Litinin ya kai Asabar yana warin danshi. Jiya da rana ina baranda ina tsince wake, jikata Godiya na kwance a tabarma da wani littafi da babanta ya kawo mata daga Kaduna, irin labaran nan na yara masu bin sawun ɓarawo. Ko shafi goma ba ta yi ba, sai na ga ta juya shi ta buɗe ƙarshe, wai tana so ta fara sanin wanda ya yi satar. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Yarinya ta zaro ido tana neman laifinta, ni ma da na nema ban samu ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da 'yan firamare, an san ni da faɗa, amma ba a san ni da faɗan banza ba. Na wanke kaina da dafaffiyar masara, ta karɓa ta ci gaba da karatunta. Ni ce dai tun jiyan na kasa komawa daidai, don ruwan nan da littafin nan sun mayar da ni wata damina da ba na son tunawa.

Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, ina aji shida, a ƙauyenmu da ke tafiyar awa guda a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Shekarar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta yi ido ba, rumbun Baba ko rabi bai kai ba. Da sabuwar damina ta zo aka yi ruwan shuka mai kyau, kowa ya zuba masararsa, sai sama ta bushe ƙaf har mako uku. Zafin da aka yi a makonnin nan ban sake ganin irinsa ba. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa tun hantsi, ganyen masara ya naɗe ya zama kamar tsinke, da yamma hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsu, mu fito da tukwane, iska ta kwashe shi ta kai wa wasu. Shuka ta mutu. Aka sake shuka da hatsin da aka ajiye don ci, kuma daga nan ne yunwa ta samu ƙofa.

Da ruwan ya tashi dawowa sai ya dawo da fushi. Ciyawa ta taso ta fi ƙarfin gida ɗaya, dole a yi gayya. A al'adarmu mai gona ne ke ciyar da 'yan gayya, kunu da safe, tuwo da rana, har da abin sha ga masu sha. A shekarar nan dattawa suka tsaya bayan sujada suka ce kada kowa ya ji kunya, a yi gayya ba abinci, mai gona ya kawo ruwa kawai. Haka aka yi. Maza su jeru da garma, amma babu waƙa babu ihu, kafin rana ta take sun watse, kowa ya ja ƙafa zuwa gida.

A gidanmu abinci ya koma sau ɗaya, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Gwate ne kullum. Gwate na gaskiya tsakin masara ne ko acca da ɗan ganye a ciki, namu kuwa ganye ne da ɗan tsaki a ciki, tafi ɗaya ga mutum huɗu. Muka fara da yakuwa da rama da ganyen kabewa, da suka yi wuya muka koma tafasa da ganyen rogo, da gauta mai ɗaci don a yaudari baki. Da safe ni ce mai yawon ganye, in dawo jiƙe sharkaf, in yanka, in wanke. Yunwar ba ta yi mini ciwo a ciki kamar yadda ake faɗa. A gwiwa take zama, da kuma a ido, in na miƙe da sauri sai in ga duhu. Duk begenmu na kan accar da Baba ya watsa a gefen dutse, irin mai saurin nuna. Kowace Lahadi in an tashi daga coci sai ya bi ta can, ya dawo ya ce saura kaɗan. Wata guda da rabi yana faɗar saura kaɗan ɗin nan.

Ƙanwata Laraba ce abin tsoron. Shekararta shida. Ƙyanda ta kama ta cikin zafin nan, ta tashi da ƙyar, amma bakinta bai dawo ba. Ko ganin gwate ta yi sai ta juya wa bango fuska. Gashinta ya fara ja, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Mama ta goya ta zuwa wurin malamin asibiti, ya duba ya ce wannan ba ciwon allura ba ne, yarinya ta ci abinci ko mene ne, in ba haka ba ba za ta ga sabon hatsi ba. A gabanmu ya faɗa. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, Baba ya ɗauko tsumagiya ya kasa ɗaga hannu. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka yi addu'a suka bar ƙwai biyu. Ta ci ƙwan, washegari ta koma wa bangonta.

Abin da ya buɗe bakin Laraba alade ne. Da za a yi hutu na zo ta ɗaya a ajinmu, sai matar fastonmu, Mama Fasto, ta kira ni ta ba ni tsofaffin littattafan Turanci guda biyu daga akwatin 'ya'yanta, kyauta, nawa na kaina. Ɗaya siriri ne mai hotuna, labarin wani alade da ya ɗaura taye ya tafi neman aikin ofis. Wata rana ana ruwa muna madafa, na buɗe shi kusa da ita don kawai in rage zaman shiru. Da muka kai inda aladen ya zauna a kujerar manaja kujerar ta karye, ƙafafunsa huɗu a sama, taye ya rufe masa hanci, sai na ji wani ɗan sauti daga Laraba. Dariya ce, ta farko cikin wata biyu. Kwanon gwate na gefena. Ban yi shawara da kowa ba na cika cokali na tura. Ta haɗiye don tana so in juya shafi.

Daga ranar muka ƙulla ciniki, cokali ɗaya shafi ɗaya. Sai dai littafin alade ba shi da yawa, cikin kwana huɗu ta haddace shi, ta ce ta gaji da shi da tayensa. Na ɗauko na biyun ba da wani ƙarfin gwiwa ba, don shi mai kauri ne kuma ko hoto ɗaya babu a ciki. Labarin wata makarantar kwana ne da aka wayi gari ƙararrawarta ta ɓace, yara uku suka sha alwashin sai sun gano ɓarawon. Akwai kuku mai yawan murmushi, akwai maigadi mai ɗingishi, akwai ƙanen hedimasta da ba a san sana'arsa ba. In karanta da Turanci a zuciyata, in juya mata da yarenmu, inda yaren ya gaza in cika da Hausa. Ashe wannan ya fi aladen kama ta. Nan na koyi muguntar da na yi ta amfani da ita a aji daga baya, wato in kai daidai inda ake jin takun mutum a bayan ƙofa, sai in rufe littafi in ce sai an ci. Ta zage ni, ta yi kuka, ta ce za ta gaya wa Baba, amma ta buɗe baki. Akwai ranar da ta ci rabin kwano.

Duk wannan a madafa muke yi, don nan ne kaɗai ke da ɗumi. Mama na gefe ta ba mu baya tana suyar gyaɗa a cikin yashi. 'Yar gyaɗar da ta rage mana ba ta ci ba ce. Mama ta gane in ta soya ta ƙulla ƙanana ta kai tasha ranar da jirgi ke zuwa, fasinja za su saya ta taga, ta dawo da tsakin da ya fi gyaɗar auki. Yanzu a leda ko a kwalba ake sayar da gyaɗa, jirgin ma yaran yau sai dai a nuna musu inda yake tsayawa. A lokacin kuwa da takarda ake naɗewa, a murɗa ta ta yi tsini a ƙasa, a zuba, a lanƙwasa bakin. Fasinja ba ya karɓar gyaɗa a ganye. Tsofaffin littattafan rubutuna duk can suka tafi, da yardata, har suka ƙare. Ban taɓa tambayar kaina da me take naɗewa bayan nan ba.

Na lura littafin yana ƙara rashin nauyi a hannu, na ɗauka sabo ne. Sai ranar da yaran uku suka shiga ɗakin ajiya da fitila, suka ga buhu a lungu, wani ya turo ƙofa daga waje. Na juya shafi, sai ga bangon littafi. Maganar ma ba ta kai aya ba. Zare ne kawai a tsaye da ɗan guntun takarda a jiki, an cire shafukan a hankali ɗaya bayan ɗaya, aikin mai tsabta. Na ɗaga kai na ga Mama da tulin ƙunshin gyaɗa a faranti, na miƙa hannu na warware ɗaya. Rubutun littafina ne, amma na tsakiyar abin da ya ɓata, sauran sun riga sun bi jirgi tun makonni.

"Na baya na ɗauka, Hannatu," in ji Mama. "Na gaba ban taɓa ba, wanda yake da foto ma ban taɓa ba. Kin riga kin kai wurin?"

Na ce ƙarshen labarin ke nan ta sayar.

"Ba kamar littafin waƙa ba ne? In lamba ɗaya babu, sai a yi wani lamba."

Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma da gaskiyarta. Mama ba ta yi makaranta ba. Littafin da ta saba gani a hannun mutane shi ne na waƙoƙin coci, wanda ake buɗe ko'ina a rera, kowace waƙa da kanta take tsaye. Ta ga ina karatu daga gaba, ta ga abu da kauri, ta lissafa kafin in kai baya acca ta nuna. Yanzu na san wannan. A ranar kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, wanda bai san ko A ba me ya kai shi taɓa littafin mutane. Da Baba na gida da na kwana da ciwon jiki. Mama ta ci gaba da juya yashinta har gyaɗar ta fara ƙauri.

Laraba ta ji komai. Na ce mata zan ƙarasa da ka, ta ce ƙarya zan yi, ita na cikin littafi take so. Ta saba tana bin idona a kan takarda, in babu takarda babu labari. Ranar ba ta ci ba. Washegari ma haka, ko ruwa sai da aka matse mata hanci. A rana ta uku kumburin ya hau fuskarta, idanunta suka zama 'yan tsaga. Baba ya dawo daga gefen dutse, wannan karon bai ce saura kaɗan ba, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ruwa. Tsoro ya kama ni sosai, kuma ina jin haushin Mama, ina jin haushin kaina da ban rufe bakina a gaban yarinyar ba.

A ranar ta uku ne Mama ta fita tun da safe ba faranti, kuma ba ranar jirgi ba ce. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai la'asar ta dawo, zanenta manne da jiki, leɓɓanta sun yi fari, ƙafarta duk taɓo har gwiwa. Ta kwance bakin zane ta zube wasu takardu a gabana. Ta bi gefen layin dogo ne tun daga tasha har wajen gari, tana tsintar duk takardar da ta ga alamar mai a jiki. Ta shimfiɗa su a kan murfin tukunya ɗaya ɗaya suna bushewa, tana hura hannunta. Sun kai goma sha biyar. Na duba su duka. Akwai guntun jarida, akwai takardar da ake samu a kwalin magani, akwai shafin lissafin wani ɗan makaranta da aka ba shi biyu bisa goma. Ko ɗaya babu daga littafina.

Mama tana kallona, Laraba ma ta ɗan juyo daga bango.

"Su ne?" in ji Mama.

Na ce su ne.

Na jera su a cikin bangon littafin, na ɗauki takardar maganin, na kafa mata ido kamar mai karatu. Na ce wanda ya turo ƙofar ya kulle yaran a ciki, suka ji yana jan buhu. Daga nan na rufe na ce sai an ci. Laraba ta yi cokali uku. Mama ta tashi ta fita waje cikin ruwan, ta daɗe ba ta shigo ba.

Kwana goma sha tara na yi ina wannan ƙarya. Ban yarda in kama ɓarawon ba, don na tabbata ranar da labari ya ƙare ranar bakinta zai sake rufewa. Takardun ba su da yawa, sai na riƙa tattalinsu, shafin lissafin nan kaɗai ya yi mini kwana uku. Da safe ina yawon ganye ina ƙirƙirar abin da zai faru da yamma. Yaran Turawan nan suka tsere ta taga, suka haye rafi irin namu, suka kwana a kogon dutse, har gwaza na sa suka gasa suka ci. Laraba ba ta taɓa tambayar inda suka samu gwaza ba. Duk wanda zargi ya kusa kamawa sai in nemo masa mafita in jefa wani. Wasu ranakun ta ci da yawa, wasu ranakun kaɗan, amma ba ta sake tsallake rana ba.

Accar ta nuna a ƙarshe. Baba da maƙwabta suka shiga da lauje, mata suka tattake ta da ƙafa a kan dutse, aka shanya a ɗan tsakanin ruwa da ruwa, aka yi ta surfe har hannu ya yi kanta. Mudun farko coci aka kai. Ranar da Mama ta yi gwaten acca na gaskiya, mai kauri, da ɗan manja, na ɗauko littafi kamar kullum na zauna. Laraba ko kallona ba ta yi ba. Ta ja kwano ta cinye, ta suɗe, ta miƙa a ƙara. Kumburin ya sauka a hankali, cikin mako biyu tana waje tana wasa da taɓo. Ba ta sake tambayar ƙararrawa ba. Tana nan da ranta a Mararaban Rido, ta yi jikoki, ta fi ni ƙiba nesa ba kusa ba. In na tayar da zancen sai ta ce ita alade kawai take tunawa.

Kowa ya yi ta godiya ga Ubangiji da acca, kuma daidai ne. Ni kuwa akwai abin da ya tsaya mini a rai. Littafin farko da na taɓa mallaka ya lalace, babu wanda ya ce mini sannu, kuma ni kaɗai ce na damu da ban san ƙarshensa na gaskiya ba. Ina cikin wannan ƙuncin, wata rana da hantsi Mama na tsugune tana rairaye acca a ƙwarya don fitar da yashi, ina zuba mata ruwa, sai ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Hannatu, wa ya ɗauki ƙararrawa ɗin? Ni tun farko na ce kuku ne. Murmushinsa ya yi yawa."

Ashe duk ranakun nan da ta ba mu baya tana suya, kunnenta na wurinmu. Ta san maigadi, ta san ƙanen hedimasta, tana da nata zargin. Ya kamata abin ya sanyaya mini zuciya. Maimakon haka sai na ce mata ban sani ba, kuma ba wanda zai sani, don takardun da ta tsinto ba na littafin ba ne. Na lissafa mata su, jarida, takardar magani, lissafin wani daƙiƙi. Na ce duk abin da ta ji tun ranar ni na ƙaga.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta tambaya ko duka, na ce ko ɗaya babu. Ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta. Na ga ranar nan ta sake wucewa ta fuskarta, ruwan da dogon da taɓon. Sai ta ci gaba da rairaya.

"To, naki ɗin fa?" in ji ta can. "A naki, wa ya ɗauka?"

Na ce na gaji, a bar maganar. Ta ce to, wata rana.

Mama ta ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya. Ta ga na zama malama, ta sha zama a bayan aji ranar bikin makaranta tana jin ina karanta wa 'ya'yan mutane labari har ƙarshe. Ba ta sake tambayata ba, ni kuma kunya ta hana ni tayarwa, kullum ina cewa sai an samu lokacin da ya dace. Maganar A ɗin ma ban taɓa janye ta ba. Abin da ya fi cina shi ne ina da amsar a ranar. A nawa labarin kukun ne, tun kwana na biyu na yanke haka a wurin yawon ganye. Ta canka daidai, kuma na hana ta sani.